Yadda ake fitar da zubin haruffa daga rubutun allunan titi da tarkacen gida

Duk ɗalibin zane da ya buɗe CorelDRAW ko PixelLab zai tarar da ɗaruruwan zubin haruffa, waɗanda 'yan kwamfuta ke ce wa fon. Amma da zarar ya rubuta "ƙanƙara" ko "ɗanɗano", yawancinsu za su ba shi kunya: ko wani ɗan akwati ya fito a gurbin ƙ, ko harafin ya fito da siffar da ba ta jitu da 'yan'uwansa ba. Alhali a layinsu akwai allon mai niƙa, a bakin titi akwai tirela ɗauke da "Komai nisan jifa" cikin haruffa masu ƙiba da inuwa, waɗanda wani mai fenti ya rubuta da buroshi ba tare da ya taɓa kwamfuta ba. Daga irin wannan rubutun za mu fitar da namu zubin, wanda za a iya ɗorawa a kwamfuta a rubuta Hausa da shi cikakkiya.

Manyan masu wannan sana'a ma a titi suke farawa. Gotham, zubin da Barack Obama ya yi yaƙin neman zaɓe da shi a 2008, Tobias Frere-Jones ya samo tushensa ne daga rubutun gine-ginen birnin New York, musamman na wata babbar tashar mota. Montserrat, wanda masu zanen fosta a nan suke yawan amfani da shi, Julieta Ulanovsky ta ciro shi daga tsofaffin allunan wata unguwa mai wannan suna a Buenos Aires ta ƙasar Ajantina. A Legas an yi wani mai suna Danfo daga rubutun jikin motocin haya, yana nan a Google Fonts, rumbun zubin haruffa na kyauta a intanet. Allunan Kano da Zariya da Damagaram kuwa suna nan suna jiran mai ɗauka, kuma fileks, wato allon leda da inji ke bugawa, yana ta cinye su ɗaya bayan ɗaya.

Zaɓi hannu ɗaya

Abu na farko shi ne ka tsayar da mutum ɗaya. Idan ka ɗauko A daga allon mai shayi, K daga bayan adaidaita sahu, S daga bangon makaranta, ba za su taɓa zama gida ɗaya ba, domin buroshi uku ne da hannu uku. Ka zaga unguwa guda, ka lura da allunan da suka yi kama da juna. Sau da yawa mai fenti ɗaya ne ya rubuta wa layi guda, kuma yakan sa sunansa ko lambar wayarsa ƙanana a kusurwar ƙasa. Idan ka same shi, ka ci rabin aikin, domin za ka ga yadda yake riƙe buroshi da idonka.

Ka fi neman allo mai yawan kalmomi. "Ana gyaran waya da sayar da caja" ya fi amfani a kan allo mai kyau da ke da kalma ɗaya. Allunan masu ɗinki da na masu abinci sun fi kowane yawan rubutu, har da lambobi saboda farashi da lambar waya.

Ɗaukar hoto

Ka yi sallama ka nemi izinin mai shago tukuna, ka gaya masa aikin makaranta ne. Kada ka ɗaga waya kusa da banki, shingen jami'an tsaro ko bariki, komai kyan rubutun da ke wurin.

Ka tsaya daidai gaban allon, wayarka a miƙe, tsakiyarta tana kallon tsakiyarsa. Idan ka matsa kusa sosai, gilashin kyamarar waya yana kumbura tsakiya ya lanƙwasa gefe, sai miƙaƙƙen layi ya koma baka. Gara ka ja da baya taku biyar ko shida ka janyo hoton kaɗan. Safiya da bayan la'asar sun fi tsakar rana, saboda fentin mai yana ƙyalli idan rana ta take. Kada ka kunna fitilar waya.

Hoto iri biyu kake so: na allon gaba ɗaya, domin ka ga yadda ya jera kalmomi, da na kusa na kowane harafi biyu ko uku, inda za a ga sawun gashin buroshi. Idan allon yana sama har dole ka ɗaga kai, ka gyara karkacewar daga baya da manhajar Snapseed ko GIMP, ka ja kusurwoyi huɗun har gefen allon ya miƙe.

Karanta hannun mai fentin

Nan ne aikin yake, kuma nan ne ɗalibai suka fi gaggawa. Abin da kake nema a wurin mai fentin shi ne ƙa'idar da hannunsa yake bi, wadda shi kansa mai yiwuwa bai taɓa faɗin ta da baki ba. Idan ka kama ƙa'idar, za ka iya rubuta harafin da bai taɓa rubutawa ba, ya gani ya ce nasa ne.

Ka buga hotunan a takarda da girma, tsayin harafi ya kai kamar santimita goma. Ka ɗauki rula da fensir. Ka auna faɗin sandar tsaye ta H ko N, sannan ka auna sandar kwance. Kusan kullum za ka tarar ta kwance ta fi siranta, ko da ido yana ganin su daidai. Ka raba tsayin harafin da faɗin sandar tsaye. Idan ya ba ka biyar ko ƙasa da haka, rubutu ne mai ƙiba irin na bayan tirela. Idan ya kai takwas zuwa goma, siriri ne. Ka rubuta wannan lissafin a gefen takarda, domin da shi za ka gina sauran.

Sannan ka dubi O da kyau. Ina ta fi kauri, ina ta fi siranta? Idan wuraren da suka siranta suna daidai sama da ƙasa, a miƙe yake riƙe buroshinsa. Idan sun karkata, ɗaya a sama ta hagu ɗaya a ƙasa ta dama, to a karkace yake riƙe shi, kuma wannan karkatar za ta bayyana a C da G da S da e, duk inda akwai lanƙwasa. Da yawa daga masu fentinmu ba sa zagaya O a ja ɗaya. Suna yin ta da ja biyu, hagu da dama, su haɗe a sama da ƙasa, shi ya sa take fitowa da gefe a miƙe da kusurwa a daddaƙe. Kada ka gyara masa wannan ka mayar da ita da'ira. Ita ce alamar hannunsa.

Ka duba bakin kowane ja: a yanke yake tsaf, ko a karkace, ko yana da ɗan wutsiya inda aka ɗaga buroshi? Ka duba inda sandar tsakiya ta A da E da H take zama, sama da rabi ko ƙasa. Ka duba ƙafar R, ko miƙewa take yi daga ciki ko tana lanƙwasowa. Idan akwai inuwa, ka lura da gefen da take faɗawa da kaurinta, amma ka ajiye ta gefe tukuna. Inuwa zubi ne na biyu da za ka yi bayan na farko ya tsaya da ƙafarsa.

Akwai kuma abin da za ka tace. Idan harafin ƙarshe na layi ya matse, fili ne ya ƙare masa, ba salonsa ba ne. Idan fenti ya zubo ko tsatsa ta ci gefe, wannan aikin damina ne. Yadda za ka bambance shi ne ka tara duk A ɗin da ya rubuta a alluna daban-daban ka jera su. Abin da ya maimaitu a dukkansu shi ne nasa.

Zana a takarda

Ka ja layuka a takarda mai gidaje: layin ƙasa inda haruffa ke zama, layin saman manyan baƙaƙe, layin saman ƙananan baƙaƙe irin a da n, layin da dogaye irin k da d suke kaiwa, da wanda wutsiyar g da y take sauka. Idan allunan mutumin duk manyan baƙaƙe ne, kamar yadda aka fi samu, ka tsaya a kan manyan kawai a wannan karon. Zubi mai manyan baƙaƙe da lambobi da aka gama da kyau ya ishi fosta da kan labari.

Ka fara da H da O, domin ɗaya tana ba ka miƙaƙƙen ja, ɗaya tana ba ka lanƙwasa. Daga H za ka samu I, L, T, E, F. Daga O za ka samu C, G, Q. Haɗin su biyun yana ba ka D, B, P, R, U, J. Sai masu jirge: A, K, W, Y, N, M, Z, V, X. Ka bar S a ƙarshe, ita ce mai wahalar kowa. A ƙananan baƙaƙe n da o ne mafari, sannan a, wadda babu harafin da ya kai ta yawa a Hausa. Idan a ɗinka ba ta yi kyau ba, duk layin da aka rubuta da zubin zai nuna.

Shawarata ita ce ka nemi buroshi mai faffaɗan baki irin nasa, ko ka fere sillen kara kamar alƙalamin allo ka yi masa baki mai faɗi, ka gwada jan haruffan da tawada. Hannu yana gane abin da ido ya tsallake. Ko da yake P, Q, V da X ba sa cikin baƙaƙen Hausa, ka zana su, domin sunayen mutane da na kamfanoni za su buƙace su.

Haruffa masu ƙugiya

Tun shekarun 1930 aka shigar da ɓ, ɗ da ƙ cikin rubutun boko, amma har yau allon titi ba kasafai yake sa su ba. Za ka ga "ANA SAYAR DA KANKARA" ba ƙugiya ko ɗaya. Saboda haka kai ne za ka ƙirƙiro su, kuma a ganina wannan ne babban dalilin yin aikin gaba ɗaya.

Kada ka ɗauko ƙugiya daga wani zubi ka liƙa. Ka nemi inda mai fentin ya riga ya yi irin wannan lanƙwasa: saman f, ƙasan J, kan r, ko saman lamba 2. Daga nan za ka aro kaurinta da yadda bakinta yake ƙarewa. A ƙananan ɓ da ƙ, sandar tana hagu, ƙugiyar tana lanƙwasowa dama a kan jikin harafin, don haka ka bar isasshen fili tsakaninta da cikin ɓ kada su toshe idan an rage girma. A ɗ sandar tana dama, ƙugiyar tana leƙawa waje ta dama, tana neman karo da harafin da ke biye. A manyan Ɓ da Ɗ ƙugiyar tana hagu ta sama. A Ƙ kuwa hannun sama na dama ne yake lanƙwasawa.

Ka yi ƴ da Ƴ ko da kai ɗan Najeriya ne mai rubuta 'y, domin a Nijar da su ake rubutu. Ka kuma ba alamar ɗauri ta 'y da ta "sana'a" kulawa, ta yi kaurin da ya dace da haruffan. Ka ƙara alamar naira, ₦.

Wanda ransa ke kan ajami ya dubi Alkalami, zubin da ƙungiyar nazarin harsuna ta SIL ta fitar bisa salon rubutun Kano, ya ga yadda aka yi. Sai dai ya fara da boko, saboda a ajami yawancin haruffa suna canza siffa a farkon kalma da tsakiya da ƙarshe, kuma sai an koya wa zubin yadda zai haɗa su.

Shigar da su kwamfuta

Ka cike zanenka da baƙar maka, wato alƙalami mai kaurin baki, ka yi sikanin ko ka ɗauki hoto daga sama. Manhajoji biyu na kyauta sun isa: Inkscape da FontForge. A Inkscape akwai Trace Bitmap, wanda ke bin gefen hoto da kansa ya mayar da shi layi. Yana da sauri, amma yana zuba ɗaruruwan ɗigo a harafi ɗaya, gyaransu kuma ya fi sabon zane wahala. Ka yi amfani da shi kawai idan kana son kaushin gefen buroshi ya fito. In ba haka ba, ka sa hoton a baya ka bi shi da hannu.

Ƙa'idar ɗigo ita ce kaɗan, kuma a inda ya dace. A kowace lanƙwasa ka sa ɗigo a ƙarshen sama, ƙarshen ƙasa, ƙarshen hagu da ƙarshen dama, hannayensa, wato 'yan sandunan da ake ja don lanƙwasa layi, su miƙe a tsaye ko a kwance. O mai kyau ɗigo takwas ta ishe ta, huɗu a waje huɗu a ciki.

FontForge yana buɗe sabon aiki da gida mai awo 1000, 800 a saman layin ƙasa, 200 a ƙarƙashinsa. Ka sa tsayin manyan baƙaƙe a wajen 700, na ƙanana a wajen 500. Haruffa masu zagaye irin O, C, S su wuce layin sama da na ƙasa da awo 10 zuwa 15, in ba haka ba ido zai ga sun fi H gajarta. Haka ma tsinin A.

Kowane harafi yana da gurbinsa mai lamba a tsarin Unicode, kuma dole ka sa masu ƙugiya a nasu, ko kuwa kibod ba zai same su ba: Ɓ a 0181, ɓ a 0253, Ɗ a 018A, ɗ a 0257, Ƙ a 0198, ƙ a 0199, Ƴ a 01B3, ƴ a 01B4, alamar naira a 20A6. Idan manyan baƙaƙe kawai ka zana, ka kwafe su cikin gurbin ƙananan ma. Kafin ka bar kowane harafi ka danna Remove Overlap da Correct Direction, domin kada cikin O ko B ya fito a cike.

Wanda ba shi da kwamfuta zai iya gwada Calligraphr: ana buga takardarsa mai gidaje, a cike da hannu, a ɗauki hoto a tura, ya haɗa zubin. Na kyautar yana da iyakar yawan haruffa, kuma ba ya koya maka abin da bin layi da hannu yake koyarwa.

Tazara

Haruffa masu kyau da mummunar tazara ba sa karantuwa. Kowane harafi yana da ɗan fili a hagunsa da damansa, kuma ba da rula ake daidaita shi ba, da ido ne. Ka ɗauka gero kake zubawa a tsakanin kowane haruffa biyu: awon da ya cika tsakanin H da H shi ne ya kamata ya cika tsakanin O da O. Tunda gefen O yana buɗewa sama da ƙasa, filinta zai fi na H ƙanƙanta. Na A da W da Y kusan babu.

Ka rubuta HHHOHOOO ka yi ta gyarawa har ka daina ganin inda ya matse ko ya buɗe. Sannan ka riƙa saka kowane sabon harafi a tsakanin H biyu da O biyu. Sai bayan wannan za ka koma kan ma'aurata masu rigima ka gyara su ɗaya-ɗaya. Ka gwada da kalmominmu, domin Hausa tana da haɗuwar da masu zubin waje ba su tanada ba: haƙƙi, ƙaƙƙarfa, ɗaɗɗaure, ɓaɓɓake, faɗi, tsattsaura, 'ya'ya, WAYA, TAYA, KWALLIYA. A "faɗi" ka lura da ƙugiyar ɗ da ɗigon i. A "ɗaɗɗaure" ka lura da ƙugiyar farko da sandar ta biyu.

Idan da tarkace za ka yi

Hanya ta biyu ita ce gina haruffa da abubuwan da ke hannu. Paul Elliman, wani mai zane ɗan Ingila, ya daɗe yana tara guntayen ƙarfe da roba da ya tsinta yana jera su a matsayin haruffa. A nan mai son irin wannan ya leƙa wurin masu walda ko 'yan gwangwan, ko ya shiga Ƙofar Ruwa a Kano, zai ga noti da washa da ƙugiya da guntun sarƙa iri-iri.

Akwai salo biyu. Ko ka tsinci abin da ya riga ya yi kama da harafi ba tare da ka taɓa shi ba, kamar almakashi a buɗe ya zama X, maratayin kaya ya zama S, ko ragar taga da ke ɓoye E da H. Ko kuma ka zaɓi abu ɗaya tak ka gina duk haruffan da shi: ashana, tsinken tsire, ƙusa, wake, igiyar rama. Na biyun ya fi koyarwa, muddin ka kafa doka tun farko ka kuma tsaya a kanta. Misali da ashana: ba karyawa, tsayin harafi ashana biyu, faɗi ashana ɗaya, kan ashana kullum yana kallon sama ko dama. Nan take za ka ci karo da tambayoyi na gaske. Yaya za ka bambanta O da D da sifili, ko S da 5, tunda babu lanƙwasa? Yaya ƙugiyar Ƙ za ta fito? Amsar da ka bayar a harafi ɗaya ita za ka bi a sauran.

Ka shimfiɗa farar takarda mai layin ƙasa da na sama, ka kafa waya a sama a kan tarin littattafai ko kujera, kada ka motsa ta har ka gama, domin girman haruffan ya zo ɗaya. Ka yi aikin a inuwa mai haske don kada abin ya jefa tasa inuwar a takarda. Daga nan matakan kwamfuta ɗaya ne da na baya, sai dai a nan Trace Bitmap yana da amfani sosai.

Fitarwa da gwaji

A FontForge ka sa wa zubin suna, ka zaɓi Generate Fonts ka fitar da shi a fayil nau'in TTF ko OTF. Ka ɗora a kwamfuta, ko ka shigar da shi PixelLab a waya. Ka buga shi a takarda da girma uku, ka manna a bango, ka ja da baya. Ka juya takardar ƙasa a sama ka sake duba, domin idan ido ya daina karanta kalma yana saurin ganin harafin da ya fi sauran duhu ko faɗi. Ka ba wanda ba mai zane ba ya karanta da ƙarfi, duk inda ya yi tuntuɓe ka sa alama. Za ka koma FontForge sau da yawa, don haka ka riƙa sa wa kowane fitarwa lamba.

Sannan ka kai wa mai fentin takardar. Shi ne zai gaya maka cewa ba haka yake jan G ba, ko ƙafar R ta yi tsawo. Idan aikin makaranta ne kawai, ka sa sunansa a jikin aikin da kuma cikin bayanan fayil ɗin, a gurbin mai zane. Idan kana da niyyar sayarwa ko rabawa a intanet, ku yi magana tun kafin ka saki, ku amince a rubuce kan abin da zai samu. In kun yarda a raba kyauta, lasisin OFL shi ne wanda akasarin zubin Google Fonts suke ƙarƙashinsa: yana ba kowa damar amfani da gyarawa, yana hana a sayar da zubin shi kaɗai, kuma yana wajabta a bar bayanin masu haƙƙinsa a cikin fayil ɗin duk inda aka kai shi.